Maigidana da Mai Facin Titi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Sunana Rahina, daga Bani Malik a Jidda.

Maigidana direba ne. Bara kafilinsa, wato uban gidansa Balarabe, ya tura shi Kanada ya riƙa tuƙa ɗansa mai karatu. Ni mai son karanta littattafan soyayya ce, na ɗauka nisa zai sa ya koyi daɗin baki. Ina! Duk kiran da zai yi, hirar titi ce. Wai ruwa kan shiga tsagar kwalta ya daskare, ya kumbura, ya fasa ta. Wai lokacin sanyi faci kawai ake yi da kwalta mai sanyi, sai zafi ya zo a zuba mai zafi.

Na haƙura, har ranar da ya ce tayarsa ta fashe a rami, wata mata cikin masu gyaran titin ta sauko daga motar danne kwalta ta miƙa masa shayi.

Ya ce, "Rahina, da kin ga yadda take juya motar nan, wallahi jaruma ce!"

Malam, ni ko keke ban taɓa hawa ba, kuma bai taɓa kira na jaruma ba. Na ce, "Yalla, ka dawo, titinmu ma ramuka ne, ka kalle su ka ƙoshi." Sai ya fashe da dariya.

Jama'a, ku ba ni shawara: in kai ƙara wurin Hajiyarsa, ko in yi shiru? Don ya ce har yanzu ba su gama gyaran layinsu ba.