Batirin da Baba Yake So

A shagon mai batir, wani dattijo ya nuna lambar jikin batir.

"Samari, wannan ta mece ce?"

"Ƙarfin tayar da inji cikin tsananin sanyi, Baba. In babba ce, bugu ɗaya mota ta tashi."

"To ba ni mai ƙaramar."

"Haba Baba! Kullum da safe sai an tura ka."

"Haka nake so. 'Ya'yana ba sa leƙo ni sai mota ta ƙi tashi."

"Ai wannan yaudara ce!"

"Son ganin 'ya'yana ne yaudara?"

Mai batir ya yi dariya. "Ɗauki mai babbar, kada ta mace maka a hanya. Ka ce musu ta ƙi tashi. In sun zo turi, ka ƙi murɗa makulli sai sun yi gumi."