Matakin da Yaya Idi ya tsaya

Tunkiya guda Inna ta kai kasuwar Dakoro, kuɗinta muka yi na mota zuwa Yamai, ni da Yaya Idi. Ku matso, tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa ba na taɓa wasan waya.

Wajen Kawu Mamman muka sauka, babban 'yan garinmu a can. Ya sa mu aikin gini, shantiye suke ce masa. Mai aikin ba ya kiran sunan kowa, sai "Bit-bit!", wai a yi sauri. Muka sa masa Alhaji Bitbit.

Da hutun rana Yaya Idi kan zauna bisa buhun siminti ya buɗe wani wasa a wayarsa. Duwatsu ne masu launi, ka jera uku iri ɗaya su fashe, wasu su zubo. Ni kiɗan ne ya kama ni. A hankali yake tafiya, kamar ruwan da ke ɗiga daga guga yana komawa rijiya.

"Kai, Sale, ja zan ture ko kore?"

"Kore, Yaya."

"Ka kashe ni, ɗan banza! Shi ya sa aka kore ka makarantar lakkal."

Ya kai mataki na ɗari uku da bakwai ya maƙale. Kwana tara yana fama da shi. Ranar ta goma katakon da yake tsaye a kai ya karye daga hawa na uku.

Bayan an rufe Yaya Idi wayar ta zauna hannuna. Ban taɓa ture dutse ko ɗaya ba. Buɗewa nake, in ga sunansa a sama da matakinsa, kiɗan yana tafiya. Sai in ji kamar shayi ya je saye, zai dawo ya ƙarasa.

Kawu ya ji kiɗan wata rana.

"Ta marigayi ce wannan? Kawo. Kayan mamaci wuri ɗaya ake tara su har a kai gida."

"Kawu, don Allah kar a taɓa abin da ke ciki."

"Ni zan taɓa? Wallahi a akwati za ta kwana."

Ranar da zan taho ya miƙo mini ita cikin leda. A tasha na kunna. Fes take, kamar yau aka sayo. Na bar mota na koma wajen Kawu da gudu.

"Na kai an wanke ta," in ji shi, yana jan carbi. "Ba a barin kiɗa a wayar mamaci, yana bin sa kabari. Gata na yi masa."

"Amma ka rantse mini, Kawu."

"Da na faɗa maka, za ka ba ni?"

Mai gyaran waya ya ce wasan ana iya sake sa shi, amma daga mataki na ɗaya. Na ce ya bari.

Da na iso gida na ɗora ledar a cinyar Inna. Ta shafa ta, ta ce, "Me ya bari a ciki?"

"Babu komai, Inna. Kawu ya sa an wanke."

Ta ɗaga hannu sama. "Allah ya saka wa Mamman da alheri."

Kowa a tsakar gida ya ce amin. Aka juyo ana kallona, ni ma na ce.