Leburorin Madam

Akuyar Inna aka sayar a kasuwar Dungas na yi kuɗin mota. Ja ce, mai haihuwar tagwaye. Inna ba ta ce komai ba sai, "Ka dawo da abin da ya fi ta." Kai Habu, kai nake ba labarin, ajiye wayar nan, ba zan maimaita ba.

A birnin Kwatano na sauka. Wani ɗan garin Bande ya kai ni gidan burodin wata mata da kowa ke kira Madam. A zangon Hausawa ta girma, tana jin Hausa, amma Hausar faɗa ta fi iyawa.

Ranar farko ina tsaye bakin kwaɓi sai ta ɗaga murya, "Lebir! Ina lebir?"

Ni lebura na ji. Na matso na ce, "Ga ni, Madam."

"Kai zan zuba a fulawar?"

Har na bar garin nan sunana Lebir. Ashe abin da ƴan Najeriya ke kira yis ne. Wani dunƙule kamar sabulu, mai warin tsami, a cikin sanyin firigo ake ajiye shi.

Bayan sati biyu ta ce in jiƙa shi da ruwan ɗumi. Na ce a raina, in ɗumi na da kyau, ai tafasasshe ya fi. Kwaɓin buhu guda ya kwanta kamar laka.

"Ka kashe su!"

"Su wa?"

"Lebir mana, ɗan ƙauye! Rai gare su!"

Na fara neman takalmina. Amma ba ta kore ni ba. Ta ɗauko kofi, ta zuba ruwan ɗumi da sukari, ta gutsura abin a ciki, ta ce in tsaya in kalla. Jim kaɗan kumfa ta hau. Ta ce wasu ƙananan halittu ne, ido ba ya ganin guda. Sukari suke ci, iskar da suke fitarwa ke kumbura kwaɓi. Sanyi ya sa su barci, zafi ya kashe su.

Na ce, "To ina matansu?"

"Wa ya ce maka suna jiran aure? Abu ke fitowa a jikin ɗaya kamar ƙurji, ya girma, ya ɓalle, shi ma ya fitar da nasa."

Ba sadaki, ba ragon suna. Na ce lallai ƴan'uwana ne leburori: a ba su ɗan sukari, su yi aiki, a ƙarshe a tura su wuta. Kwana uku ban ci burodi ba, wai abu mai rai ne kuma ba a yanka ba. Yunwa ce ta ba ni fatawa.

Rani uku na yi wurinta. Da zan taho na sayi lebir dunƙule biyu, na naɗe a riga, na ce ga abin da ya fi akuya. Na ɗora jakar a saman babbar mota, kwana biyu cikin rana. Ni da aka ce wa zafi yana kashe su.

Na iso, na gina tanderu, na cika unguwa da baki: gobe za a ci burodin birni. Na kwaɓa. Shiru. Na gasa haka nan, ya fito kamar tubali. Maƙwabcinmu ya tambaya ko na sayarwa ne, yana da katanga da ta zube.

Inna tana tsugune tana suyar masa. Ban da mafita, na zauna na yi mata bayanin duka, har da ƙurjin. Ta saurara. Ta miƙa hannu ta jawo ƙwaryar da take rage ƙullun jiya don ta tayar da na yau. Ta ɗebo ludayi ɗaya ta zuba a sauran kwaɓina, ta rufe da faifai.

Ya ɗau lokaci, amma washegari kwaɓin ya ture faifan.

Na ce, "Inna, ashe kina da lebir?"

Ta juya masarta. "Ban san sunansu ba. Tun kakata muke kiwonsu a ƙwaryar nan. Ba wanda ya taɓa sayar da akuya a kansu."