Buhun Gida

Jannatu: Alo? Salamu alaikum, Inna!

Batulu: Wa alaikumus salam. Jannatu? Ya garin Showak, ya masu haihuwarku a asibiti?

Jannatu: Lafiya lau. Ya takaba, ya ƙarin haƙuri?

Batulu: Da godiya. Gidan ne ya yi mini faɗi tun da babanki ya rasu. Yau ma shayi kofi biyu na zuba, na manta.

Jannatu: Allah ya jiƙan Baba. Inna, albishirinki! An yi asayin ɗina!

Batulu: An saye ki? Innalillahi! Wa ya saye ki?

Jannatu: Wayyo cikina! Ba saye ba, asayin! Turanci ne, haka shugabar ungozomomi ta ce mini ɗazu.

Batulu: Yi mini Hausa ko Larabci.

Jannatu: Ta'ayin, Inna. Amma su a ba ka aiki, asayin. A yanka maka rabonka na gona, asayin. A tura ka wani gari...

Batulu: Tura? Ina kuma? Kada ki ce Fashaga! Showak ɗin ma sai wata ya zagayo nake ganinki.

Jannatu: Tsaya mana! Na tambayi Tariq, tafintanmu, ya ce asalinta yaren Rumawan dā ne, wai sa wa abu alama, a ce wannan na wane ne.

Batulu: Au, shi ke nan? Ashe babanki ya yi ta asayin bai sani ba! In an kawo dawa daga Gedambaliya, sai ya bi buhuna da jan fenti: wannan na kasuwa, wannan na zakka, wannan na gida, kar wanda ya taɓa.

Jannatu: To ni dai buhun...

Batulu: Alo? Buhun me? Kai, wannan shabaka, layin waya sai yankewa! Alo!

Jannatu: Na ce ni buhun gida ce! Nan Gadarif, asibitin unguwarmu! Asabar ina tafe!

Batulu: Ayyururui!

Jannatu: Inna! Guɗa cikin takaba? Maƙwabta fa!

Batulu: Su ji! Asha! Asha, leƙo ta katanga, an sayo mini 'yata!

Jannatu: Asayin, Inna! Rasid ɗina, kuɗin wayata, ya kusa ƙa...

Batulu: To saurara. Kofin nan na biyu, na yi masa asayin, naki ne. Kin ji? Jannatu? Alo?