Tunkiya Mai Ɗingishi

Na fake wa ruwa a rumfar wani mai tumaki a unguwar Briqueterie, sai ga wata mata ta sauko daga tasi.

"Malam, dabba nake so."

"Kin zo gidanta, Hajiya! Dubi ragon nan, jiya na ɗauko shi daga kasuwar Etoudi. Taɓa gadon bayansa ki ji nama."

"Yana tunkuyi?"

"Ina ruwan wuƙa da tunkuyi? Suna ne ko biki?"

"In an shafa kansa, yana tsayawa?"

"Haba Hajiya! Ina miki zancen kitse, kina tambayar hali. Surukuta za ku ƙulla?"

Ta yi 'yar dariya, sannan ta sunkuyar da kai.

"Babana ne. Makiyayi ne tun yana yaro. Da ya makance muka dawo da shi nan. Tun zuwansa ba ya magana, abinci ma sai da lallashi. Jiya akuyar maƙwabta ta yi kuka, na ji ya amsa mata."

Mai tumakin ya saki ƙahon ragon, ya kutsa ƙurya ya jawo wata tsohuwar tunkiya mai ɗingishi.

"Wannan ɓoye ta nake yi wa masu saye, don ba nama. Amma da na zauna sai ta ɗora kanta a cinyata."

"Ita nake so."

"To, ki ɗaure ta inda hannunsa zai kai. Harawar ma shi za ki ba ya ba ta, sannan ki kawo masa tuwonsa. Makiyayi ba ya ci sai dabbarsa ta ci."