Silifas Ɗina a Akwatin Baba

Da sunan Allah Mai rahama. Assalamu alaikum.

Mai girma Mai Unguwar Ƙofar Jatau, Malam Liman, Alhaji Zaharaddeen shugaban ƙungiyar masu tseren keke, kakata Iya, Ummana, baffanni da gwaggonni, sannunku da zuwa. Ni ce Ibtisam, autar marigayi Malam Abdulbaƙi. Ku yi haƙuri, ban saba magana gaban mutum fiye da uku ba. An ce ni zan miƙa wa ƙungiya akwatin kayan aikinsa.

Ya kasance malamin lissafi wanda rabin unguwarmu ta zauna a ajinsa. Ya kasance mai riga kowa isa gidan rasuwa. Ya kasance kuma, duk Asabar, likitan gwiwoyin Zariya a ƙofar zaurenmu.

Ga wanda bai sani ba, takalman 'yan tsere maƙalewa suke a fedar keke, ta wani ɗan ƙarfe da ke ƙarƙashinsu. In ƙarfen ya karkace, ko bai bar wa diddige wurin wasa ba, gwiwa ce ke shan wahala. Muna tuna ranar da Yaya Haisam, gwanin ƙungiyar, ya zo daga Gyallesu yana ɗingishi.

"Malam, gwiwar nan ta ƙi."

"Ina silifas ɗinka na gida?"

"Silifas kuma, Malam?"

"Kai kana ƙarya, su ba sa yi. Je ka ɗauko."

Da ya kawo, Baba ya duba gefen da ya fi cinyewa. Ya zaunar da shi kan dakali, ƙafafu na lilo, ya ga yadda ta hagu ke kallon waje. Ya juya ƙarfen takalmin ya bi ƙafar, ba ƙafar ta bi ƙarfen ba. Sannan ya sassauta sukurun da ke riƙe takalmi a feda. "Ka ɗaure tamau don a ce kai gwani ne. Ranar da akuya ta gitta maka, da haɓa za ka sauka?"

Yanzu zan faɗi abin da ba a rubuta mini ba. Na yi kishinku. Wallahi na yi. A littattafan da nake karantawa, mai ƙauna yakan san har yadda kake taka ƙasa. A gidanmu kuwa, ƙafafunku ake kallo. Yakan durƙusa gabanku awa biyu. In na kawo shayi, sai ya ce "Ajiye can, Auta," ko kai bai ɗago ba. Wata Asabar na wuni ina ɗingishin ƙarya. Iya ta shafa mini man zafi, Baba kuwa yana can kan ƙafafunku. Har ya bar duniya ina tambayar kaina ko ya taɓa kallona.

Shekaranjiya Umma ta ce in goge akwatin. Can ƙasa, cikin leda, sai ga koren silifas ɗina da ya ɓata tun ƙaramar salla. Umma, kin tuna faɗan da na sha? Gefensa ƙananan takalman tsere, daidai ƙafata, an ɗaura musu ƙarfe. Da feda biyu, an kwance sukurunsu har ƙarshe. Da 'yar takarda, rubutunsa:

"Auta. Ƙafar dama na shiga ciki, a bar mata wasa sosai. A sassauta duka, matsoraciya ce. Ɗingishinta ya sauya ƙafa bayan azahar."

Ashe ya gani.

Alhaji, ga akwatin, ku ci gaba da gyara wa mutanenmu. Amma na cire ledar, ba zan bayar ba. Kuma kishin bai tafi duka ba: ku kun ji hannunsa a ƙafafunku, ni takarda na samu.

Iya, Umma, ban taɓa roƙonku komai a gaban mutane ba. Ku bar ni in saka takalman nan, ko a tsakar gida ne.

Mun gode muku duka. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda shi ma ya yalwata wa kowace diddige wurin wasa, Ya tabbatar da ƙafarsa kan siraɗi. Amin.