Munduwar Inna a Hannun Maƙeri

A rumfar maƙeran azurfa ta kasuwar Dakoro, wata budurwa, Hafsatu, ta miƙa wa wani tsohon maƙeri munduwa.

"Baba, duba mini ko azurfa ce zalla. Na gani a wayar salula ana sa ta cikin ruwa da batir, ruwan ya zama magani. Ƙafar innata ta ƙi warkewa, shekara biyu ni kaɗai ke jinyarta."

Ya goga munduwar a dutse. "Akwai jan ƙarfe ciki, 'yata. Da yawa ma."

"Ko kusa. Gugar dutse ba awo ba ce, na yi karatu. Wanda ya ƙera wa Inna ita rantsuwa ya yi zalla ce."

"Zalla lanƙwashewa take. Wannan ko jaki ya taka ta ba ta motsi."

"Ƙarya ya yi mata ke nan? Har yau tana yabonsa."

Tsohon ya juya munduwar, ya daɗe yana kallon 'yar alamar maƙeri da ke ciki.

"Lokacin yana saurayi, azurfa kuma ta yi wuya. Kada ki ba ta ruwan nan, ko na zalla ne. Kai ta wurin likita."

"Ashe ka san shi?"

Bai ɗago ba. "Mene ne sunan innar taki?"